Yadda ake gina 'yanci a wasan bidiyo mai buɗaɗɗiyar duniya

Mafi yawan wasannin bidiyo hanya ɗaya suke shimfiɗa wa mutum. Ka gama matakin farko a buɗe maka na biyu, ka kayar da bos, wato babban abokin gaban matakin, a wuce da kai gaba, haka har labari ya ƙare. Akwai kuma wani jinsi da ya saɓa wa wannan tsari. A cikinsa, bayan 'yar gabatarwa, sai a buɗe ƙofa a sake ka a fili. Ga tsaunuka can nesa, ga daji, ga kogi, ga hayaƙin wani ƙauye yana tashi, kuma babu mai riƙe hannunka ya ce nan za ka bi. Duniyar ƙirƙirarriya ce, ta takubba da sihiri da dodanni da masarautun da ba a taɓa yi ba, kai kuma ka shiga rigar wani mutum a cikinta, mayaƙi ko matsafi ko maharbi ko ɓarawo. Su Skyrim da The Witcher 3 da Breath of the Wild da Elden Ring duk 'yan wannan gida ne. Mutum zai shafe awa ɗari ko fiye a gem guda, kuma idan ka tambaye shi abin da ya riƙe shi, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce 'yanci.

Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. 'Yancin nan gina shi aka yi da hannu, da lissafi, tare da kowane dutse da kowace bishiya da ke ciki. Wanda ya gane yadda aka gina shi zai gane abin da ya sa wata duniyar ke tsare mutum wata da watanni, wata kuma ko da ta fi ta faɗi, cikin mako guda ta gundure shi.

Asalin abin a kan tebur ya faro. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da abokai ke zama su yi da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa masu lambobi, wata har fuska 20 gare ta. Kowa zai ƙirƙiri mutuminsa, a rubuta ƙarfinsa da basirarsa da zafin namansa da yawan jininsa cikin lambobi. Ɗaya daga cikinsu ba shi da gwarzo, shi ne mai jagora, duniyar duka a kansa take. Shi zai ce, kun iso bakin wani kogo, ana jin gurnani daga ciki, me za ku yi? Idan wani ya ce shi kam ba zai shiga ba, ciyawa zai tara ya banka wuta a bakin kogon, hayaƙi ya koro abin da ke ciki, mai jagora ba zai ce babu wannan a doka ba. Zai yi ɗan nazari, ya sa a jefa ƙwaya, ya faɗi abin da ya biyo baya.

Da aka ɗauko wasan zuwa kwamfuta, lambobin ba su ba da wahala ba, lissafi ai aikinta ne. Har gobe duk saran da ka kai da takobi a irin wannan gem, akwai lissafin da ke gudana a ƙarƙashinsa: kaifin makaminka, a cire kaurin sulken abokin gaba, a ƙara abin da gogewarka ta samar maka. Abin da ya gagara ɗaukowa shi ne mai jagoran nan, mutumin da ke da amsa ga duk abin da ya faɗo maka a rai. Kwamfuta ba ta amsa komai sai abin da aka riga aka tanadar mata. Tun daga Ultima na Richard Garriott a 1981, da The Legend of Zelda na farko a 1986, har zuwa yau, masu ƙera waɗannan duniyoyi abu ɗaya suke nema, wato abin da zai tsaya a gurbin mutumin nan. Gwanayen cikinsu sun gano cewa ƙasar kanta za ta iya yin jagorancin, muddin an iya shimfiɗa ta.

Kafin a kai ga wannan ganewa, an fara gwada faɗi. A 1996 kamfanin Bethesda ya saki Daggerfall, wanda taswirarsa ta haura murabba'in kilomita 160,000, da garuruwa da ƙauyuka da kogwannin ƙarƙashin ƙasa sama da 15,000. Babu wasu ma'aikata da za su iya zana wannan da hannu, don haka aka bar wa kwamfuta ta haɗa mafi yawansa daga wasu 'yan samfura. Abin ya burge, amma duk wanda ya yi ƙoƙarin takawa da ƙafa daga gari zuwa gari ya tarar da fili fetal, ƙauyen nan da wancan kamar an tsaga kara. Sai kamfanin ya juya akala. Morrowind da ya fito a 2002 ƙarami ne ƙwarai idan an gwada da na baya, amma da hannu aka dasa komai nasa. Skyrim na 2011 kuwa bai kai murabba'in kilomita 40 ba. Duk da haka shi mutane ke tunawa a matsayin ƙasa mai faɗi, kuma a 2023 shugaban aikin, Todd Howard, ya ce an sayar da sama da kwafi miliyan 60.

Ta yaya ƙaramar ƙasa ke zama babba a idon ɗan wasa? Akwai dabaru. Tsaunukan Skyrim suna tare hanya, wurin da ke kusa a taswira sai ka zagaya kafin ka isa. Lokaci ma an matse shi, minti ɗaya na zahiri minti 20 ne a ciki, yini da dare gaba ɗaya minti 72 ke nan, don haka tafiyar minti goma sha biyar za ta iya farawa da hantsi ta ƙare rana ta karkata, jikinka kuma ya ba ka cewa ka yi nisa. Birnin Whiterun da ake yi wa kallon cibiyar kasuwanci, mazaunansa 'yan gommai ne. Mafi muhimmanci, da wuya ka yi tafiyar minti biyu ba ka ci karo da wani abu ba, kufan hasumiya, ko bakin kogo, ko gawar wani matafiyi da wasiƙa a aljihunsa. Yawan abin da ya faru da kai a hanya, shi ƙwaƙwalwa ke auna nisa da shi.

Wanda ya fi kowa fito da wannan ilimi fili shi ne Nintendo, bayan fitar Breath of the Wild a ranar 3 ga Maris, 2017. A taron masu ƙera gem na CEDEC da aka yi a Japan a wannan shekara, masu aikin suka bayyana cewa da farko sun jera hasumiyoyi a taswira, suka zuba abubuwan yi a kan hanyoyin da ke tsakaninsu. Da aka ba 'yan gwaji, sai wasu suka ji kamar tura su ake yi, wasu kuma suka kauce wa hanyar suka rasa komai. Sai aka sake shiri, aka dogara da siffar dala. Tudu ko tsauni mai faɗin gindi da tsinin kai yana yin aiki biyu. Yana tilasta maka zaɓi, ka hau ko ka zagaya, sannan yana ɓoye abin da ke bayansa, ya riƙa bayyana shi kaɗan-kaɗan yayin da kake matsowa.

A ce ka hango wata hasumiya ka nufe ta. A tsakiyar hanya wani tudu ya tare ka, ka zaɓi zagayawa ta dama. Kana karya kwana sai ga wani ɗakin gwaji yana ƙyalli da haske ruwan lemo a gindin kwari, ka ce bari in leƙa. Kafin ka isa, hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, duwatsu suka yi santsi, hawa ya gagara. Takobin ƙarfen da ke bayanka ya fara tartsatsi, alamar tsawa na shirin faɗo maka, dole ka cire shi ka ɗauki makamin itace. Ka fake a ƙarƙashin wani dutse, ka kunna wuta ka jira gari ya waye. Da safe ka hango bargar dawaki da ba ka san da ita ba. Awa guda ta wuce, hasumiyar nan har yanzu ba ka taka ta ba, amma ba ka ji an ɓata maka lokaci ba, domin kowace juyawa kai ka yanke ta. Gaskiyar magana kuwa, wani ya zauna ya auna inda tudun zai tsaya da inda hasken zai faɗo a idonka. Wannan shi ne mai jagoran teburin nan, ya koma tudu da kwari. Daraktan gem ɗin, Hidemaro Fujibayashi, ya ce har taswirar birnin Kyoto suka ɗora a kan filin domin su ji a jikinsu nisan da ya dace tsakanin wuri da wuri.

Akwai wata hanyar jagoranci da ta fi wannan sauƙi da arha, kuma ita ce ta fi yaɗuwa, wato kibiya. A Morrowind, aiken farko da ake ba ka shi ne ka je garin Balmora ka nemi wani mutum mai suna Caius Cosades, ka tambayi gidansa a wata mashaya. Babu wata alama a allo da za ta kai ka ƙofarsa. Dole ka karanta allunan hanya, ka tambayi mutane, ka duba littafin da gwarzonka ke rubutu a ciki, wani lokaci ka ɓata. Da Oblivion, magajin Morrowind daga Bethesda, ya zo a 2006, aka sa kamfas a allo da kibiyar da ke nuna daidai inda za ka, aka kuma ba ka damar taɓa wuri a taswira ka tsinci kanka a can. Daga nan salon ya bazu, har aka kai ga taswirorin da alamomi suka rufe su ruf, kowace alama tana cewa zo ka ɗauki wani abu.

Ba zan ce kibiyar ba ta da amfani ba. Mai aiki da iyali wanda awa guda kawai yake samu da dare ba zai so ya ƙarar da ita wajen neman ƙofar gida ba, kuma sauƙin nan ya shigo da miliyoyin mutane da da ba su shigo ba. Amma akwai abin da take cinyewa. Idonka zai bar kallon tsauni da kogi ya koma kan ɗigon da ke gefen allo. Ka zama ɗan aike, a ba ka saƙo, ka ruga, ka dawo, a biya ka. Ko The Witcher 3, da nake ganin yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a wannan fanni, bai tsira ba. A taswirarsa, tekun tsibiran Skellige cike yake da alamomin tambaya, kuma da yawansu akwatunan 'yan fasa-ƙwauri ne a ƙarƙashin ruwa masu kaya kusan iri ɗaya. Mai son ya share taswira tas zai gaji kafin ya gama. An yi sa'a gem ɗin ya ba da damar kashe alamomin, kuma shawarata ga duk mai farawa ita ce ya kashe su tun ranar farko, ya kuma rage tsallake tafiya ta taswira sai inda hanya ta riga ta zama sananniya. A nan kam zuwa da kai ya fi aike.

Matsala ta gaba ta fi wannan sarƙaƙiya, domin ta taɓa zuciyar wasan. Daɗin irin wannan gem shi ne girma. Ka fara da tsumma da tsatsattsen takobi, kyarkeci ɗaya ya isa ya kashe ka, a hankali ka tara maki, ka hau mataki, ka koyi sihiri, ka samu sulke, har ka zama wanda dodanni ke shakka. To idan an ce ka je duk inda kake so, yaya za a yi da ƙarfin abokan gaba? Mai ƙera gem bai san ko arewa za ka fara nufa ko kudu ba.

Oblivion ya amsa da cewa duniya ta riƙa girma tare da kai. Idan ka hau mataki, abokan gaba ma su hau. A takarda abin ya yi kyau, babu inda zai fi ƙarfinka, babu inda zai zama wasan yara. A aikace sai aka wayi gari 'yan fashin bakin hanya suna sanye da sulken da ya fi duk abin da za su ƙwace daraja, kuma wanda ya hau matakai ta hanyar sana'o'in da ba na yaƙi ba sai ya ga duniya ta fi ƙarfinsa. Abin da ya fi ciwo shi ne girman ya rasa ma'ana, tunda duk inda ka kai, tazararka da abokin gaba tana nan yadda take. Skyrim ya sassauta, ya ba kowane kogo iyakar ƙasa da ta sama, kuma ƙarfin kogon yana tsayawa a inda ka same shi ranar da ka fara shiga.

Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya saki a ranar 25 ga Fabrairu, 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, ya bi ta ɗaya gefen gaba ɗaya. Duniyarsa ba ta san matakinka ba, ba ta kuma damu ba. Kana fitowa fili a yankin Limgrave, abu na farko da za ka gani shi ne wani jarumi cikin sulken zinariya a kan ƙaton doki, yana kai da komo a kan hanya. Kusan duk sabon ɗan wasa sai ya taɓa shi, kuma sara biyu ko uku sun isa su gama da shi. An ajiye jarumin nan a wurin da gangan, domin ya koyar da darasin da babu rubutun da zai koyar: ba duk abin da ka gani ne sa'anka ba, zagaya ka wuce. Haka idan ka bi hasken zinariyar da ke nuna hanyar babban labari, za ka tarar da wani bos mai suna Margit a bakin fadar Stormveil, shi ma ya tare ka. Wanda ya nace zai iya shafe dare yana mutuwa. Wanda ya juya kan dokinsa ya gangara kudu zai tarar da wani yanki cikakke, mai abokan gaba daidai ƙarfinsa, ya tara abin da zai tara, ya dawo. Ranar da ka koma wajen jarumin zinariyar nan ka kayar da shi, babu wanda zai gaya maka ka girma, hannunka ne zai gaya maka. A ganina wannan tsari ya fi mutunta ɗan wasa, ko da yake farashinsa shi ne mutane da dama sun ajiye gem ɗin tun a makon farko, kuma ba za a zarge su ba.

Sai batun labari, inda buɗaɗɗiyar duniya ke da rauni na asali. Labari mai kama zuciya yana son gaggawa, duniya mai faɗi kuma tana son nutsuwa, biyun suna jan igiya. A The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na Poland ya fitar a Mayun 2015, gwarzonka Geralt na neman Ciri, yarinyar da ya raina kamar 'yar cikinsa, mugayen mahaya suna bin sawunta. Amma gem ɗin zai bar ka ka yi makonni kana buga katin Gwent da masu mashaya, babu abin da zai same ta. A Skyrim an ce dodo Alduin zai haɗiye duniya, amma zai jira ka zama shugaban makarantar matsafa da na ƙungiyar ɓarayi tukuna. Ɗan wasa yana lura da wannan, kuma da zarar ya lura, tsoron da labarin ke son dasawa ya ragu.

Breath of the Wild ya warware wannan da hikima. Bala'in ya riga ya auku shekara ɗari da suka wuce, masarauta ta rushe, abokin gaba na tsare a fadar Hyrule da kake hangowa daga nesa a tsakiyar taswira. Da zarar ka sauka daga tudun farko, an yarda ka nufi can kai tsaye, kuma akwai gwanayen da ke yin hakan. Ga sauran mutane, duk wani yawo shiri ne, ɗakunan gwaji 120 da ke warwatse suna ƙara maka jini da ƙarfin hawa, don haka yawon da labarin sun zama abu ɗaya.

The Witcher 3 ta wata fuskar ya rama, kuma ramawar tasa babba ce. Ya sa ƙananan aike-aike sun yi nauyin babban labari. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan sakin layi. A yankin Velen da yaƙi ya ɗaiɗaita, akwai wani shugaban mayaƙa da ake kira Bloody Baron, wanda ya san inda Ciri ta nufa, amma ba zai faɗa ba sai ka nemo masa matarsa Anna da 'yarsa Tamara da suka ɓace. Kana bincike kana gano cewa ba sace su aka yi ba, guduwa suka yi, domin mutumin mashayi ne mai dukan matarsa. Gem ɗin bai wanke shi ba, bai kuma mayar da shi dodo ba, ya bar ka ka zauna da shi ka ji nadamarsa. Can gaba za ka haɗu da wani ruhi da aka ɗaure a cikin bishiya, ya ce ka sake shi zai ceci wasu marayu daga hannun mayun fadama. Idan ka sake shi, yaran sun tsira, amma ya afka wa wani ƙauye, Anna ta mutu, mijin ya rataye kansa. Idan ka kashe shi, Anna ta rayu da taɓin hankali, mijin ya tafi da ita neman magani, yaran kuma sun salwanta. Babu alamar da ke nuna maka wanne ne daidai, kuma sakamakon ba ya bayyana sai bayan ka yi nisa, lokacin da komawa baya ya yi wuya. A irin wannan wuri ne kwamfuta ta fi kusantar mai jagoran tebur, ta saurari abin da ka zaɓa, ta riƙe, ta dawo maka da shi.

Game da yadda duniyar ke zama kamar mai rai, abin da ya kamata a sani kaɗan ne. Na'ura ba ta iya riƙe ƙasar duka a lokaci guda, don haka abin da ke kewaye da kai kawai take zanawa dalla-dalla, na nesa kuma ta bar shi a sassauƙar siffa, tana lodawa tana saukewa yayin da kake tafiya. A wasannin Bethesda, tun daga Oblivion, mutanen gari suna da jadawali, su tashi, su buɗe shago, su ci abinci, su kwanta. Yawan waɗannan tsare-tsare da ke cuɗanya da juna shi ke haifar da abubuwan mamaki, shi ne kuma ke haifar da tangarɗa, irin Basamuden Skyrim da ke maka mutum da kulki ya cilla shi sararin sama. Bethesda ya saki kayan aikin gyaran Skyrim ga jama'a a 2012, kuma dubban gyare-gyaren da 'yan wasa suka yi da kansu, daga toshe kurakurai zuwa ƙara sababbin yankuna, suna cikin abin da ya raya gem ɗin fiye da shekara goma.

Saura batun da ya fi damuna, wato lokaci da kuɗi. Duk dabarun da aka zayyana a sama dabarun riƙe hankali ne, kuma ana iya juya su ta fuska biyu. Skyrim ko Elden Ring sau ɗaya ake saye, labarinsu na da ƙarshe, idan ka yi wata shida ba ka kunna ba, za ka tarar da komai a inda ka bar shi. Akwai kuma wani tsari da Genshin Impact ya shahara da shi, wanda kamfanin miHoYo na ƙasar Sin ya saki a Satumban 2020. Duniyarsa kyakkyawa ce ƙwarai, kyauta ake sauke shi, kuma yana aiki a waya, abin da ya kai shi hannun mutanen da ba su taɓa mallakar na'urar wasa ba. Amma mafi yawan sababbin gwaraza ta hanyar ƙuri'a ake samun su, ana biyan kuɗin cikin gem da za a iya saye da kuɗin gaske, ba tare da sanin abin da zai fito ba, sai dai tabbacin cewa cikin jefawa 90 za a samu gwarzo mafi daraja guda. Ana kawo wasu na ɗan lokaci a ɗauke, ga kuma aikin kullum-kullum da ladansa ke wuce wanda bai shiga ba. A nan son sani ya daina zama abin da ke dawo da mutum, tsoron hasara ne ke dawo da shi. Tun a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasannin bidiyo suna cikin caca.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar kamu da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta na 11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022. Ba yawan awanni ta ɗauka ma'auni ba. Alamomin da ta lissafa su ne mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da dainawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar a karatunsa ko aikinsa ko iyalinsa, kuma yawanci sai abin ya ɗore aƙalla wata 12. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke shafa. Ga iyaye da masu saye, akwai abin dubawa tun kafin a sauke gem: daga 2020, hukumomin da ke tantance shekarun masu wasa, ESRB a Amurka da PEGI a Turai, suna sa wani rubutu na musamman a jikin gem ɗin da ke sayar da kaya ta hanyar sa'a, kusa da lambar shekarun.